Yarinyar da Ta Raba Kakata da Ni

Mu mutanen kudancin Zariya ne. Aikin hanya ya kawo Babana Kazaure a lokacin da ake koyon naira ana mantawa da sule. Ya taho da mahaifiyarsa, Kaka Saratu, muka kama haya a gindin dutse. Kullum in an ci tuwo, Kaka takan tura kara cikin murhu, ta miƙe ƙafa ta fara labari, ni kuma in ɗora kai a cinyarta. Wurina ne, ba wanda ya isa. Sai da Binta ta zo.

Binta 'yar maƙwabcinmu ce, Musulma, sa'ata, uwarta ta rasu. Da leƙe ta fara daga bakin ƙofa, kafin a ankara ta mallake ɗaya cinyar. Wai har kitso Kaka ke yi mata! Abin da ya fi ƙona mini rai, da an kira isha'i sai Kaka ta datse labari, ko an zo wurin daɗi, ta ce Binta ta je ta yi salla, ba za a ci gaba ba sai ta dawo. Ni kuwa in zauna ina cika ina batsewa. Na ƙi jinin yarinyar nan, kuma ban ɓoye ba.

Rannan da ta fita na kasa daurewa. Na ce ai mu masu bin Yesu ne, ita ba tamu ba ce, don me za a zauna jiranta? Kaka ta dube ni ta gefen ido.

"Rifkatu, bakinki ya girme ki. Matso, ga wata tatsuniya nan tafe, taki ce ke kaɗai."

Wai a wani gari da ba ashana, baƙo ya ba 'yan mata biyu garwashi. Ta farko ta kife tukunya a kan nata, kada wani ya zo ɗiba. Ta biyu kuwa, duk wanda ya zo da tsingaro sai ta zuba masa. Da gari ya waye ta farko ta ɗaga tukunya ta tarar da toka. Ita ma ta biyu ruwan sama ya kashe nata, amma da ta leƙa waje, kowane gida hayaƙi ke tashi, ta shiga na kusa ta ɗebo. Kaka ta ce Yesu bai ba kowa wutarsa don ya kife ba, kuma kowace safiya mutum ke zaɓar wacce zai zama a cikinsu. Na turo baki na ce ta farko ta fi wayo, tukunyar ce ba ta da kyau. Ta yi dariya har da tari. Binta ta dawo ta kwanta a wurinta kamar gidan ubanta.

Na girma na sami aikin koyarwa a Kaduna, gida sai Kirsimeti. Babana kullum yana wajen garin Gwiwa kan aiki. Da tsufa ya kwantar da Kaka, idonta ya rufe, Binta da ta yi aure a unguwar ita ke yi mata wanka, ta dama mata kunu. Ranar da jikin ya tsananta, Binta ce ta tura mijinta ya kira fasto. Ni sai bayan an binne ta na iso.

Ko gaisuwar kirki ban yi wa Binta ba. Na ce to, ta samu yadda take so, har ƙarshe ita ce a kusa. Binta ta sunkuyar da kai.

"Ni? Tun da ta daina gani, in na shigo sai ta ce, 'Rifkatu, kin zo?' Ni kuma in ce na zo, Kaka. Ko sau ɗaya ba ta kira ni Binta ba."

Har yau ina kishinta, kuma a cikin addu'a nakan faɗa wa Ubangiji haka ɓaro-ɓaro. Ba don an fi sonta ba, ashe ni aka fi so. Hanyar da Kaka ta so in zaɓa, ni mai bin Almasihu, Binta ce ta bi ta, kuma da sunana.