Ranar da na yanke hoton wasan Agali

Ban taɓa mantawa da ranar wasan ƙarshe na ƙwallon kwando tsakanin lise biyu, wato makarantun sakandare, na Arlit ba, a shekarar da aka rufe ɗaya daga cikin ramukan uraniyum. Lokacin ina aiki da wani shafin labaran wasanni na intanet. Aikina shi ne in kafa salula a gefen fili in watsa wasa kai-tsaye, ina magana, ina kuma duba saƙonnin da masu kallo suke rubutawa a ƙasan hoto. Ƙa'idarmu ita ce ba a yanke watsawa sai da izinin shef, wato shugabanmu, shi kuwa yana zaune a Agadez.

Yawancin masu kallonmu iyaye ne da aka sallama daga aiki suka tafi haƙar zinariya a Tchibarakaten. Cikinsu akwai Alhuseni, mahaifin Agali, kyaftin ɗin ɗaya lise ɗin. Ba ya fashin wasa. Kullum sai ya hau tudu ya nemi rezo, wato sabis ɗin waya, ya rubuto, "Allah ya yi maka albarka." Shi kuma Agali, da an tashi, ko zufa bai share ba sai ya zo wurina in nuna masa.

Bayan hutun rabin lokaci na ga saƙo ya shigo: "Allah ya jiƙan Alhuseni, rami ya rufta da su da safe." Na kai yatsa kan saƙon. Na goge shi. Kafin in ɗaga yatsa wasu sun shigo, har da mai sa hotonsa. Mu a nan ba a faɗin mutuwa haka. Manya ne suke zuwa, su zaunar da mutum, su fara da addu'a. Ga shi kuma rabin 'yan kallo salula na hannunsu, suna kallon shafin namu.

Na kira shef. Ya ce, "Mamman, ba mu taɓa samun masu kallo irin na yau ba. Ka yi ta gogewa, amma kada ka yanke."

Na ce, "Shef, hannuna ɗaya ne, su kuwa gari guda."

Ya ce, "Na faɗa maka."

Raina ya ɓaci ƙwarai, don na san abin da ya tara masu kallon, kuma ba ƙwallo ba ne. Na kashe watsawar, na ruga wurin Malam Sale, mai horar da su Agali, na raɗa masa. Bai ko juyo ba. Ya ce, "Kira kawunsa Bubakar, yana tashar mota. Yaron kuma a bar shi ya ƙare wasansa."

Amma labari ya riga ya zaga benci. Agali ya jefa ƙwallo daga nesa ta faɗa kwando, fili ya yi tsit. Ya tsaya yana duban mutane, mutane suna sunkuyar da kai. Na tabbata yanzu wani zai fashe da kuka. Sai Malam Sale ya fara tafi da ƙarfi yana harar jama'a, ɗaya bayan ɗaya suka kama. Haka aka yi ta tafa masa har alƙalin wasa ya hura usur, babu wanda ya buɗe baki.

Agali ya nufo ni yana haki, yana murmushi. "Yaya Mamman, Baba ya gani? Me ya rubuto?"

Na kife salular a ƙirjina. Na ce, "Ga kawunka can a bakin ƙofa, yana nemanka."

Ya duba ya ga Bubakar tsaye da limamin unguwarsu. Murmushin ya tafi. Ya ajiye ƙwallon a ƙasa a hankali ya nufe su.

Shef ya dakatar da ni daga aiki na ɗan lokaci, ban yi masa gardama ba. Ku da kuke shigowa aikin nan yanzu, za a koya muku cewa wanda ya riga kowa faɗa shi ne gwani. A filin nan na ga ɗaruruwan mutane sun riƙe labari a baki saboda yaro ɗaya ya ji shi daga bakin kawunsa. Tun daga ranar, kafin in kunna salula, sai na tambayi kaina wa ke cikin hoton, wa kuma bai ji ba tukuna.