Tarakta ɗaya, gonaki biyu

Har yau idan na tuna mutumin nan sai raina ya ɓaci. Abokin aikina ne. Mu biyu muka gina manhajar da wata ƙungiyar manoma a Karaye da Rogo take amfani da ita wajen kama layin tarakta. Ni ɗan Rogo ne, shi daga birni ya zo, kuma bai taɓa bari na manta da hakan ba.

Tsarin da na fara rubutawa mai sauƙi ne. Manomi ya turo saƙon tes, na'urarmu ta duba rumbun bayanai, ta rubuta sunansa a ranar da ba a ba kowa ba, sannan ta ba shi amsa. Sai ta sallami mutum ɗaya take waiwayar na gaba. Ba ta da sauri, ban musa ba.

Ya duba aikin ya kwashe da dariya. "Malam, wannan ai layin injin niƙa ne. Duniya ta wuce nan."

Ya ce a mai da shi asinkronos, wato na'ura ta daina tsayawa jiran rumbu, ta raba saƙonni ga ma'aikata da yawa a cikinta, kowanne ya yi nasa a lokaci guda. Na ce idan biyu suka leƙa rana ɗaya tare fa, kowanne ya ga babu kowa? Sai an sa kulle, wanda ya riga shiga ya rufe ƙofa har ya gama rubutu.

"Kulle rage gudu yake," in ji shi. "Manoma nawa ne za su turo saƙo a daƙiƙa ɗaya? Ka rage tunanin ƙauye."

Na san amsar tambayarsa. A ƙauyen Beli da ke Rogo, da hadari ya haɗo sabis yake ɗaukewa, saƙonni su maƙale a wayoyi, da ya dawo kuma su zubo gaba ɗaya. Na sani, na yi shiru. So nake ya kwashi kunya a gaban kowa. Na sa hannu aka ɗora sabon tsarin.

Baffana, ƙanin mahaifina, a Beli yake noman gyaɗa. Ni na lallaɓa shi ya rabu da shanun huɗarsa, na ce tarakta ta ishe shi. Da aka yi ruwan shuka ya tura saƙo, maƙwabcinsa ma ya tura. Sabis ya dawo, amsa ta iske su duka biyun: safiyar Talata. Taraktar ɗaya ce, kuma ranar da ta rage babu kowa tana can bayan mako guda, lokacin da danshi ya riga ya tafi.

Ranar Talatar da labari ya iso ni, na hau acaɓa daga Rogo. Na tarar da su a bakin hanya, kowa da wayarsa a hannu, direba ya kashe inji yana jira. Na durƙusa na gaishe su, aka tambayi gida da gajiya da ruwa, sannan na buɗe bayanan na'ura. Saƙon Baffa ne ya riga shiga, da tazarar da ba ta kai ƙiftawar ido ba. Na faɗa da ƙarfi don kowa ya ji.

Baffa ya dube ni. "Kai ka gina abin nan?"

"Ni ne, Baffa."

"Kai kuma kake karanta mana wanda ya riga. In na shiga, me garin nan zai ce da kai?"

Ya juya ga direba ya nuna masa gonar maƙwabci. Na yi magiya, ko kallona bai sake yi ba.

Daga nan na kira abokin aikin nawa a waya. Ya saurara, ya ce da sanyin murya, "A'a, ƙaramin abu ne. Layi uku ne gyaransa." Layi ukun rubutun kullen da na ce a sa tun farko. Na zage shi tas, zagin da ban san na iya ba, har ɗan acaɓa ya matsa gefe. Kafin na koma Rogo ya sa kullen, ya kuma rubuta wa shugabannin ƙungiya cewa ya gano matsala ya magance. Yabo ma ya samu. Mun ƙara shekara muna aiki tare, gaisuwa kawai ke haɗa mu, ita ma don dole.

Baffa ya yi shuka a makare, ruwa kuma ya ɗan ɗauke a bayanta. Kowace kaka yakan aiko min da buhun gyaɗa. A wannan shekarar, a ƙullin leda ta zo, da saƙo a bakin matarsa: wai in yi haƙuri, bana gonar ba ta yi ba. Ta ce kullum yana yi min addu'a, yana cewa baƙon nan na birni ne ya ɓata min aiki. Na karɓa da hannu biyu na yi godiya. Har ya rasu ban gaya masa tun farko na sani ba.