Uban da Ke Cikin Rajista

Ni fa boko ba zuwa na yi ba, kai ni aka yi. Zamanin En'e ne, lokacin da mulki ke hannun sarakuna. Hakimi ya aika wa dagatai cewa kowa ya kawo ɗan cikinsa makarantar elementare, don talakawa su gani su daina ɓoye nasu a rumbu. Dagacin ƙauyenmu, can tsakanin Roni da Gwiwa, yana da ɗa sa'ana, wani lukuti mai son fura. Ya dubi ɗan nasa ya ga bai iya rabuwa da shi, sai idonsa ya faɗa gidanmu, inda babu mai ɗaga masa murya.

A gonar gyaɗa ya same mu. Baba yana fama da ƙugu tun da ya faɗo daga ɗorawa, kuma ni kaɗai ne namiji a gidan.

Baba ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, shi ke nan gare ni. Wa zai kama min noma?"

Dagaci ya ce, "Aro ne, Malam. Da kaka zai dawo."

A garin hakimi, hedimasta ya sa na ɗora hannu ta saman kai na taɓa kunnena, wai alamar na isa shiga. Ya buɗe rajista ya tambayi suna. Dagaci ya ba da sunan ɗansa, a wurin uba ya ba da nasa. Sannan ya matse min kafaɗa ya raɗa min, "Duk wanda ya tambaya, ni na haife ka."

Makon farko bulala na sha, don in an kira sunan sai in waiga in ga wa ake nufi. Daga baya na saba. Na koyi yanke farce, tsayawa a layi, miƙewa in Malam ya shigo, da karatu daidai gwargwado. Kaka ta zo ta wuce har sau uku, ba a mayar da aro ba. Duk hutun da na je gida sai in tarar ciyawa ta ƙara cin gonarmu. Rabinta kawai Baba ke iya nomewa, shi ma a duƙe yake komawa gida. Lukuti kuwa yana ƙofar gidansu da kwanon fura, in na wuce ya ce, "Ɗan aro, kana riƙe min sunana da kyau?"

Nakan ce, "Ƙwarai. Shekaranjiya ma ya sha bulala shida."

Yana dariya, ina dariya, amma ni ina ajiyewa.

Muna aji uku wasu yara biyu suka gudu. Hedimasta ya tara mu a fili ya ɗaga rajista. Ya ce daga yau duk wanda ya gudu, uban da ke cikin littafin nan za a gurfanar gaban hakimi, in mai rawani ne kuwa ya yi bankwana da rawaninsa. Dariya ta kuɓuce min a layi. Na sha biyu a kanta, kuma ban taɓa shan bulala mai daɗinsu ba.

Ban yi gaggawa ba. Na jira aka yi ruwan shuka, sannan na bi masu kora shanu a ƙasa har Babura, wurin kawuna mai sayar da raguna. Na faɗa masa komai. Ya ce ni shaiɗani ne, ya kuma ƙara min tuwo. Shi ya aika wa Baba cewa ina nan lafiya, kada dai ya faɗa wa kowa.

Ka ga, dagaci ba ya iya cewa ni ba ɗansa ba ne, don ya yi wa hakimi ƙarya ke nan shekara uku. Ba ya kuma iya kai Lukuti, don hedimasta ya san fuskata, Lukuti kuwa ko baƙi ɗaya bai sani ba. Labari ya iso mana ta bakin 'yan kasuwa cewa an ba shi kwana bakwai ya kawo ɗansa. Sai a na shida na koma gida.

Bayan azahar na tarar da dagaci a zaurenmu, a kan tsohuwar tabarmar da ko almajiri ba ya so. Baba yana gefe ya sunkuyar da kai. Na cire takalmi na durƙusa yadda makaranta ta koya min.

Na ce, "Barka da rana, Baba."

Su biyun suka amsa. Dagaci ya yi tari.

Ya ce, "Yaro, tashi mu tafi. Abin da ya wuce ya wuce."

"Ranka ya daɗe, ni in na tafi wa zai yi noman fari?"

"Za a duba."

"An duba shekara uku, ranka ya daɗe. Ni ma aro nake so."

Baba ya ce, "Kai, rufe bakinka." Amma bai ɗago ba, kuma na ga kafaɗarsa tana motsi.

Dagaci ya ce, "Aron me? Fartanya? Jaki?"

"Ɗanka. Ba ni ba, ɗaya ɗin. Da kaka zai dawo."

Dagaci ya kalle ni sama da ƙasa. Ya taɓa rawaninsa, kamar yana duba ko yana nan. Sannan ya ce wa Baba, "Malam, ka haifi abin da ka haifa."

Ban yarda mun kama hanyar makaranta ba sai da na ga Lukuti a gonarmu da fartanya, ya riƙe ta kamar za ta cije shi. Na tsaya a bakin kunya na ce, "Ka riƙe min gonata da kyau." Bai yi dariya ba.

Damina biyu ya yi mana, don na gaya wa ubansa ƙafata ba ta manta hanyar Babura ba. Gyaɗa ta cika rumbu, Baba ya samu ya huta. Da aka zo jarrabawar shiga makarantar midil na zauna tsaf, na rubuta sunan Lukuti da na ubansa a saman takarda da kyakkyawan rubutu, ban ƙara ko ɗigo ba. Aka karanta sakamako a gaban hakimi, ɗan dagaci ne na ƙarshe a duk gundumar. Ni kuwa na ɗauki tabarmata na koma gida da sunan da aka raɗa min.