Kalandar Bayan Ƙofa

Mai Rediyo mutum ne da ya yi imani duk abin da ya lalace yana gyaruwa, in dai an bari ya kwance bayansa. Shagonsa na bakin layi, tsakanin mai aski da mai cajin waya. An daina kawo masa rediyo tun tuni, sai fanka da dutsen guga da tocila, amma sunan ya manne masa. Yana iya gane ciwon fanka daga tsallaken titi. Ciwon 'yarsa kuwa ya fi wata shida a gida ɗaya da shi, gwanin bai gane ba.

Yarinyar ita kaɗai gare shi, shekararta goma sha huɗu. Uwata yake ce mata, don sunan mahaifiyarsa ta ci. Matarsa ta rasu shekara uku da suka wuce. Tun daga nan ya koyi girki, in dai ƙona tukunya girki ne. Kitso sau ɗaya ya gwada, yarinya ta je makaranta aka yi ta tambayarta wa ta yi wa laifi.

A bayan ƙofar ɗaki akwai kalandar shekarar da matar ta rasu, bai taɓa cire ta ba. Kowane wata akwai jan ɗigo biyar a jere da biron marigayiya, har zuwa wata na bakwai, inda suka tsaya. Shekara goma sha biyar suna tare, shi duk a zatonsa ranakun da ake ɗauke ruwan famfo take sa wa alama. Har yabonta yake yi a shago, wai matarsa ta fi ma'aikatan ruwa sanin aikinsu.

Kowane wata sai Uwata ta kwanta kwana uku, ta dunƙule ta juya wa bango fuska. In ya tambaya ta ce, “Ciwon kai ne, Baba.” Ya sayo maganin ciwon kai, ya rage gudun fanka, ya ɗora wa karatu laifi. Leɓenta ya yi fari. Sannan malamar ajinsu ta aiko da takarda: fashin ya yi yawa, in ta sake yin fashi lokacin jarrabawa sai ta maimaita aji.

Ranar da ya gane, hularsa yake nema a bayan ƙofa. Sai ya ga wasu ƙananan ɗigo na fensir kusa da jajayen, wani watan ɗigo takwas, wani tara. Ya bi su da yatsa. Na ƙarshe sun faɗo daidai kwanakin da yarinyar ta kwanta. Ya daɗe a tsaye da hula a hannu.

“Ashe ba famfo ba ne,” ya ce wa kalandar. “Ke ma sai da kika bar ni ina ta zuba a shago.”

Ya gane uwar ce ta nuna wa yarinyar kafin ta tafi, ita kuma ta ci gaba a inda aka nuna mata. Da tana nan, da tuni an ƙulle ƙofa an yi ƙus-ƙus an gama, shi yana waje yana jiran a zubo masa abinci.

Da yamma ya yi gyaran murya har sau uku. “Uwata, wannan ciwon kan naki, ko mu je wajen likitan mata?”

“Baba!” Ta miƙe kamar an tsikare ta. “Can fa na masu ciki ne. In wani ya gan ni me za a ce? Kuma 'yan ajinmu sun ce da ƙarafa ake duba mutum.” Ta shige ɗaki ta rufo ƙofa.

Sai ya yi abin da masu firiji ke yi masa in sun kasa ɗauko shi: su zo su kwaikwayi ƙarar. Washegari ya naɗe kalandar ya tafi asibiti shi kaɗai. Ya sami benci cike da mata masu ciki, ya raɓa a ƙarshe da tumbinsa.

Wata ta kalle shi sama da ƙasa. “Malam, wata nawa ne?”

“Hajiya, nawa ya kai shekara goma, ya ƙi fitowa.”

Benci ya ɗauki dariya. Wata ta matsa masa, wai kada a wahalar da mai tsohon ciki.

Likitar dattijuwa ce. Ya baje mata kalandar a kan tebur, ya danne gefe da wayarsa. Ta ƙirga ɗigon fensir, ta ɗago.

“Kwana tara ya yi yawa. Mene ne sana'arka?”

“Gyaran fanka.”

“In an kawo maka labarin fanka, kana gyara ta?”

“A'a, sai an kawo ta.”

“To, ka gani.” Ta yago takarda ta yi rubutu. “Ka ba ta wannan. Kada ka jawo ta, ka bari ta zo da ƙafarta.”

A hanya ya karanta, don ba a ce kada ya karanta ba: Hira za mu fara yi. Ba abin da za a yi miki sai da yardarki. Babanki zai jira a waje.

Ya tarar da Uwata a bayan ƙofa tana kallon ƙusa, idonta jajur. “Ina kalandar Mama?” Ya miƙa mata, da takardar likita a ciki. Kwana biyu ba ta yi masa magana ba sai gaisuwa. Ran Asabar da safe ya fito ya same ta a shirye, ta yafa gyalen uwarta mai ruwan ƙasa, wanda ya yi mata yawa.

“Mu je kafin layi ya yi tsawo.”

Minti arba'in ya yi a kan bencin. Matan suka sake tsokanarsa, bai rama ba. Yana ta kallon ƙofar, yana tunanin wadda ya kamata a ce tana ciki zaune kusa da yarinyar, riƙe da jakarta, tana amsa tambaya tun ba a yi ba.

Ta fito da auduga a hannu, inda aka ɗibi jini. Sai da suka kai bakin titi ta yi magana, idonta na kan takalminta.

“Jinina ne ya yi ƙasa. Ta ba ni magani, ta ce in dawo bayan wata uku. Ta ce ba dole ne mutum ya yi ta haƙuri da ciwo ba.” Ta gyara gyale. “Kuma ta ce in nemi kalandar bana.”

Suka tsaya a kanti ta zaɓi ɗaya. A gida ya kai hannu zai sauke tsohuwar, hannun ya tsaya a kan wata na bakwai.

“Bar ta, Baba. Buga wata ƙusa a gefenta.”

Ya ɗauko guduma. Mutumin da ya shekara talatin yana ɗaure sukurun da ido bai cika gani ba, bugun farko ya sami babban yatsansa. Uwata ta yi dariya har ta riƙe ciki, sannan ta karɓi gudumar.