Ruwan Gashi da Ruwan Randa

Shekara ashirin da ɗaya muna zaune da matata, ban taɓa ɗaga mata hannu ba. Amma na cuce ta da ruwan zafi, da hannuna na hura wutar, kuma a lokacin ina ganin alheri nake yi mata.

Ni tela ne a cikin garin Daura, karatuna bai wuce firamare ba. Ciwonta ya fara ne da ido ɗaya, ta ce tana ganin hazo. Ya wuce. Bayan shekara ƙafar hagu ta mutu, ta ce kamar kiyashi na yawo a ciki. Sai da muka dangana da babban asibiti a Kano likita ya faɗi sunan cutar, haruffa biyu na Turanci, MS. Ya ce ta jijiya ce, tana tashi ta yi makonni, ta kwanta, ta sake tashi. Da ya ce ba a warkewa gaba ɗaya, sai kunnuwana suka toshe. Duk abin da ya faɗa bayan nan ita kaɗai ta ji.

Karo na uku ya tashi ana tsakiyar bazara, saura mako uku 'yarmu ta fari da ke aure a Mai'adua ta haihu. Matata ba ta da wani buri sai ta shiga gidan sunan da ƙafafunta, ta ɗauki jikarta ko jikanta a tsaye. Ni ma abin da nake so ke nan. Don haka na aika Dutsi aka zo da yayata, wadda duk danginmu ita ke yi wa masu jego wanka.

Yaya ta taɓa ƙafar ta ce, "Sanyi ne. Likitoci sun cika sa wa abu suna. A ɗora tukunya."

A wurinmu ƙafar da ta mutu gashi ake yi mata: a tafasa ruwa da ganyen darbejiya, a tsoma tsumma a danna. Haka aka yi wa uwata, haka aka yi wa kakata. Na sayo itace kai biyu.

Matata ta kira ni gefe ta ce, "Maigida, zafi ƙara mini yake yi. Likita ya faɗa, kana zaune."

Na ce, "Ke dai ki yi haƙuri. Yaya ta girme likitan nan."

Ta miƙa ƙafar aka fara, don ba za ta musa wa yayar mijinta a gabana ba. Kwana huɗu ana gashi safe da yamma. Kowane karo sai ta fito daga banɗaki a riƙe, ta fara jan ƙafar dama ma, hazon ido ya dawo. Yaya ta ce ciwon ne ke fita. Ni kuma na gaskata, saboda gaskatawar ta fi mini sauƙi.

Rana ta biyar na dawo daga shago da azahar don na manta almakashi a gida. Na same ta zaune a gindin randa, ta jiƙa zane ta naɗe ƙafafunta, ta ɗora wani a wuya. Da ta gan ni sai ta yi saurin ɓoye moɗa a bayanta, kamar wadda aka kama tana sata. A cikin gidanta, da ruwanta. Wannan ɓoyon har yau yana damuna.

Na tsuguna na ce, "Uwargida, me kike so a yi?"

Ta dube ni ta ce, "Yau kwana goma sha biyu da tashin ciwon, sai yanzu aka tambaye ni."

Sannan ta faɗa. A daina gashi. A kai ta asibiti a yi mata ƙarin ruwan da ake yi idan ya tashi. Masu dubiya su zo da la'asar, ba da tsakar rana ba, don gaisuwa ma aiki ce. Kuma in daina fizge mata tsintsiya da ludayi. Abin da ta iya in bar ta, abin da ta kasa za ta kira ni.

"Kuma ka daina kallona kamar gawa," in ji ta. "Kai da ko maɓalli ba ka iya nema sai da ni."

Faɗa wa Yaya ya fi mini komai wuya. Ta ce, "Ashe matarka ce likita." Amma ita ce ta wanke randa ta biyu ta cika kafin ta koma Dutsi.

Aka yi mata ƙarin ruwan, 'yarmu kuma ta haifi mace. Ranar suna muka fita da sanyin safiya. Na jiƙa mayafi na sa a leda. A ƙofar gidan na miƙa hannu, ta ture shi, ta karɓi sanda. Taku goma sha biyar ne zuwa ɗakin mai jego, ta yi su a hankali, ina biye da ledar. Ta jingina da bango aka miƙa mata yarinyar, ta riƙe ta a tsaye na ɗan lokaci, sannan ta ce a kawo kujera.

Ciwon ya sake tashi sau biyu tun daga nan. Yanzu nakan fara da tambaya. Itacen da na saya kuwa, da shi ta dafa mana tuwo har damina.