Takin da Nake Ba Maƙwabcina

Ina koyarwa a lakol, wato makarantar boko, a Gidan Rumji na karanta labarin wata ƴar katantanwa da ke rayuwa a tekun ƙanƙara, can ƙarshen duniya. An ce hayaƙin da muke saki yana sa ruwan teku ya yi tsami har ya ci ɓawonta, ɓarɓashin leda kuma ya ƙarasa ta. Abin ya tsaya mini a rai, na ishi kowa da wa'azi.

Ina da maƙwabci, dattijo, manomi. Kowace bazara nakan bar masa jujin gidana ya kwashe a amalanke ya kai gona taki, ina jin na yi abin kirki. Wata rana da hantsi na bi ta gonarsa, na tarar ya tara leda tsibi guda ya cinna mata wuta. Ko gaisuwa ban yi ba na hau shi da faɗa, ina zuba masa zancen teku da katantanwa, har na ce jahilci ne ke kashe duniya.

Bai katse ni ba. Da na gama sai ya kira ni yadda ake kiran malaman lakol, ya ce, "Mushe, ni ban san teku ba. Wannan kuwa duk daga cikin takinka na tsinto ta. Kwana uku ke nan ina tsinta, don gero ba ya tsira a kanta."

Ashe shekara da shekaru haka yake yi. Kuma kowace shekara shi ke takowa har ƙofar gidana ya yi mini godiya.