Ɗan Haɗama a Gaban Suruki

Daga Gumel zuwa Maigatari, ka zagaya Gagarawa ka ɓullo ta Sule Tankarkar, babu mahalukin da ya taɓa karawa da ni a wasan Ɗan Haɗama ya koma gida da fara'a. Akwai lokacin da in na zauna gaban allo, aljanun cikin wasan sai su leƙo, su ga ni ne, su koma ɗaki su ja ƙofa.

Ga wanda bai san shi ba, Ɗan Haɗama wani ɗan kai ne rawaya, ba wuya ba ƙafa, baki zalla. Yana bin lunguna yana tsintar ƙwayoyi kamar kaza a masussuka, aljanu huɗu na biye da shi. A kowace kusurwa akwai babbar ƙwaya, in ya haɗiye ta sai aljanun su yi shuɗi don tsoro, shi kuma ya juyo ya bi su. Turawa suna da sunan da suka sa masa, mu dai wannan muka sani.

Muna samari muka fara shi, a wani shago bayan tasha, da talabijin mai ƙatuwar ƙeya da janareta mai tari kamar tsohon jaki. Daga baya girma ya zo, aure ya zo, na shiga fataucin riɗi, na ɗauka wasan ya bi talabijin ɗin zuwa bola. Sai taubashina, ɗan ƙanwar babana, ya buɗe shagon kwamfuta a Gumel, inda ake buga takardu da hoton kati. Kwamfutarsa sabuwa fil, yara na tseren mota a kai har sai ka ji kamar ƙura za ta shiga idonka. Rannan ya ce in zo in ga wani tsohon abokina. Ya danna, sai ga Ɗan Haɗama. Bai yi furfura ba, bai ajiye tumbi ba, ni kuwa na yi duka biyun. Ina jin wannan ƙwaf-ƙwaf ɗin na cinsa, gwiwata da ke ciwo ta warke nan take. Abin da ya sa ba ya tsufa ke nan: da maɓalli huɗu kawai ake tuƙa shi, hagu, dama, sama, ƙasa. Ko yatsunka sun kai rogo kauri za ka iya.

To, akwai 'yar matsala guda, ƙarama ce ƙwarai. Wasan yana rubuta sunan wanda ya fi kowa maki a can sama, kuma tun farkon damina sunan taubashina ne a wurin. Kun san tsakanin taubasai, kowa cewa yake ɗayan bawansa ne. Ni da shi tun muna yara muke wannan gardamar ba a raba ba, sai ga kwamfuta ta ba shi shaida. Ina shiga shagon zai nuna allo ya ce, "Bawana, zo ka gaida ubangidanka." Duk wanda ya zo hoton kati sai an nuna masa. Magana har ta kai majalisarmu ta bakin mai shayi. Na ce ha'inci yake, yana tsayar da wasan ya sha shayi ya huta. Saboda haka na kafa doka da bakina, a gaban shaidu: duk wanda ya taɓa maɓallin tsayarwa, ya faɗi.

Wata Juma'a da hantsi, washegarin kasuwar Maigatari, na shiga shagon da niyyar 'yantar da kaina. Ranar hannuna kamar ba nawa ba. Ina share lungu ina shiga wani, maki na hawa. Wani ɗan adaidaita sahu ya leƙo, ya manta da fasinjojinsa, su ma suka gaji da jira suka shigo kallo. Taubashina ya daina dariya. Rai ɗaya ya rage min a wasan, amma saura ƙiris in ture sunansa. Na ga ya sulale waje, na ce a raina ya tafi kuka ne.

Sai na ji sallama. Muryar surukina ce, mahaifin maiɗakina, dattijo daga Ɗanzomo. Ya shigo gari hoton katinsa saboda rabon taki, yana hanyar wani shagon daban taubashina ya hango shi, ya je ya riƙo masa jaka har ciki.

Ban san lokacin da na watsar da takalma na zube ƙasa ba. Kaina a sunkuye, gwiwa a siminti, hannun dama kuwa na bar shi a saman tebur kan maɓallai, yana aiki a makance.

"Barka da zuwa, Baba. An zo lafiya?"

"Lafiya lau, Malam. Ina gajiya?"

"Ba gajiya, Baba."

Surukina ba ya gaisuwar gaggawa. Sai ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi kasuwa, ya tambayi ruwan bana, ya tambayi tunkiyar da ya ba mu kiwo. In ya kai ƙarshe ya ce "madalla", sai ya numfasa ya ɗauko daga farko. Taubashina kuma ya tsuguna kusa da kunnena yana raɗa, "Hagu, bawana, hagu." Na san ƙarya yake, sai in danna dama.

"Ya mutanen gidan?"

"Suna bi na, Baba. A'a, suna lafiya, suna gaishe ka."

Dattijo ya dubi hannuna da ke ta danne-danne a kan tebur. "Malam, hannun lafiya?"

"Aiki yake, Baba," in ji taubashina. "Babban aiki. Zauna ka gani." Ya jawo kujerata ya ajiye masa daidai gaban allo.

Dattijo ya zauna, ya ce da ni, "To tashi ka ci gaba da aikinka, kar in tsare ka."

Ina zan miƙe tsaye a kan suruki yana zaune? Sai na ɗago a kan gwiwa, idona daidai bakin tebur kamar kada a tafki. Ikon Allah, Ɗan Haɗama na nan da ransa. Ga ƙwayoyi jere a gabansa, ga babbar ƙwaya a kusurwa. In na share layin nan, sunana ya hau.

Dattijo ya matso da fuska. "Waɗannan masu launin fa?"

"Aljanu ne, Baba."

Ya nemi tsari. "Wannan mai bakin kuma wane ne?"

"Ai shi ne, Baba. Surukinka ke nan," in ji taubashina.

"Shi ne yake ta ci haka?"

Wallahi sai na ji gumi ya keto min. Tun da na auri 'yarsa, ko ruwa ban taɓa kurɓa a gabansa ba. In na je Ɗanzomo aka kawo tuwo, sai ya tashi ya ba ni wuri, ko ni in ce na ƙoshi cikina na kiran sallah. Yau ga ni a gabansa baki buɗe, ina zuba loma ba bismilla, har da ƙara, ƙwaf-ƙwaf-ƙwaf, duk shago na ji.

Hannuna da kansa ya yanke hukunci. Ya karkatar da Ɗan Haɗama daga layin ƙwayoyi, ya shiga lungun da na riga na share. Na yi ta zagaye a wurin da babu abin ci, aljanu na bina, maki ya tsaya cak. Ɗan adaidaita ya dafe kai. "Alhaji, ci mana! Ga babbar can!" Na isa har bakinta, jan aljani na shaƙar ƙeyata, na tuna girman lomar, na juya. Na yi kwana, na sake kwana, na faɗa hannun ɗan'uwansa. Ɗan Haɗama ya narke da wannan ɗan kukan nasa mai ban tausayi.

Sunan taubashina na nan a sama. Shi kuwa ya kifa kai a kan injin hoto, kafaɗunsa na rawa don dariya.

Surukina ya miƙa katinsa aka yi masa hoto, ya naɗe takardar ya sa a aljihu. Na rako shi bakin ƙofa ba takalmi, ina yi masa Allah ya kiyaye hanya. Ya tsaya ya dube ni daga sama har ƙasa.

"Malam, Allah ya sa kar ɓarawo ya haura gidanku," in ji shi. "Don irin gudun da na gani yau, yarinyar tawa ce za ta fita da taɓarya."